Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabanni da ma'aikatan ɗakunan awon yara

Assalamu alaikum 'yan'uwana ma'aikatan awo, da ku iyayen gidanmu masu riƙe da ragamar cibiyoyin lafiya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mai rubuto muku wannan takarda ta shafe shekaru masu yawa a bakin sikeli, tana ɗora yara tana saukewa, kafin jiki ya ce a huta. Na san gajiyar ranar awo. Na san yadda layi ke miƙewa tun da sassafe, yara na tsala kuka, ga allurar riga-kafi na jira, ga rajista ba a cike ba, ma'aikaciya ɗaya tana aikin mutum uku. Saboda haka abin da zan faɗa daga cikin gida ya fito. Kuma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, da laifina zan fara.

Akwai wata yarinya da uwarta ba ta taɓa fashin awo ba. Tana wata 6 an rubuta mata kilo 6.9. Wata na 7, kilo 7. Wata na 8, kilo 7. Wata na 9, kilo 6.9. Uku daga cikin lambobin nan da hannuna na rubuta su, har yau ina iya ganin rubutun. Kowace ɗaya, in ka ɗauke ta ita kaɗai, ba ta faɗo ƙasa da layin haɗari ba, don haka kullum sai mu ce wa uwar "lafiya lau, sai wani watan". A wata na 10 aka shigo da ita a saɓe, gudawa ta kwana huɗu tana yi, fatar cinyarta ta yi laushi kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. Da likita ya karɓi katin, bai ce da ni komai ba. Biro ya ɗauka ya ɗiga lambobin nan huɗu a kan jadawalin da ke bayan katin, wanda ba mu taɓa taɓawa ba, ya haɗa ɗigon da layi, ya miƙo mini. Layin a kwance yake tun wata huɗu baya. Yarinyar ta rayu, bayan mako biyu a gadon asibiti. Amma wata huɗu tana zuwa hannunmu tana gaya mana halin da take ciki, mu kuwa muna rubuta lamba muna kiran na gaba.

Kuka na ke nan da ku. A wurare da yawa awo ya koma ɗora yaro a sikeli da rubuta lamba, alhali lambar farkon aikin ce kawai. Katin nan da muke cikewa, asalinsa wani likitan yara ɗan Ingila ne, David Morley, ya tsara shi fiye da shekara 60 da suka wuce, kuma abin da ya nufa shi ne uwa ko da ba ta iya karatu ba ta kalli layin ɗanta ta gane. In layi na hawa, yaro na girma. In ya kwanta, akwai abin da ke cin sa. In ya sunkuya, a tashi tsaye. Yaron da ke can ƙasa-ƙasa a jadawali amma layinsa na hawa wata bayan wata, sau da yawa ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ke tsakiya amma ya tsaya cak. Ba a ganin wannan sai an ɗiga, kuma ɗigawar ba ta kai daƙiƙa goma ba.

Wata magana da na ji har na gaji, daga bakin iyaye da ma na ma'aikata, ita ce "ai haka jininsu yake, duk gidansu ƙanana ne". Gado na da tasirinsa, ban musa ba. Sai dai ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda shi ne a kan katunanmu, an gina shi ne a kan yara kusan 8,500 da aka bibiya tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin da aka gani shi ne, in yaro ya sha nono yadda ya kamata, ya samu abinci da tsafta da kulawar lafiya, girmansa a shekarun farko kusan ɗaya ne ko daga wace nahiya ya fito. Don haka kafin a jingina wa kakanni, a fara bincikawa. Uwar da ake cewa gajeruwa ce ma, wa ya san ko ita ma tsumburewa ta yi tun tana goye?

Shi kansa awon, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sikelin da ba a mayar da shi sifili ba kafin a ɗora yaro, ko yaron da aka auna da rigar sanyi da jiƙaƙƙen nafkin, lambar da za su bayar ƙarya ce mai kama da gaskiya. Giram 200 ba komai ba ne a jikin babba, amma a jikin ɗan wata 9 ya kai kusan abin da ake sa ran ya ƙara a wata guda. Tsawo kuwa, wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi a kan allo, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya danne gwiwa ya tura katakon zuwa tafin ƙafa. Wanda ya cika shekara 2 a tsaye. Na ga ɗakunan awo da allon nan ke jingine a bayan ƙofa ƙura ta rufe shi, don babu mutum na biyu. Haka nan shekaru: da watanni ake lissafi, ba da "ya kusa shekara" ba, kuma bakwaini ana rage masa makonnin da ya rigayi lokacinsa kafin a ɗiga, in ba haka ba za a tayar wa uwa da hankali a banza.

Dalilin nacewa a kan tsawo shi ne nauyi shi kaɗai ba ya bambance mana ciwo biyu da maganinsu ya sha bamban. Akwai yaron da ya tsumbure, tsawonsa bai kai na shekarunsa ba, wanda alama ce ta rashi mai daɗewa, galibi a cikin kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2. Akwai kuma wanda ya rame, nauyinsa bai kai na tsawonsa ba, wannan shi ne na gaggawa. Ƙiyasin da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar na 2022 ya ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, miliyan 45 kuma suka rame. Wanda ramarsa ta tsananta, haɗarin mutuwarsa ya ninka na yaro mai ƙoshin jiki wajen sau 11. Tsumburarren yaro yana iya zama da kumatunsa yana wasa, har a ce ga yaro ɓulɓul, sai an tambayi shekarunsa a ji ɗan shekara 3 ne mai jikin ɗan shekara 1 da rabi.

Ga kuma igiyar awon damtse, wadda ta fi duk kayan aikinmu araha. Ga yaro daga wata 6 zuwa 59, a nemo tsakiyar tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun na sake, a zagaya igiyar ba matsewa ba sako-sako. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Daga 125 kore. Igiyar nan ba ta da wani sirri da zai sa mu ɓoye ta a aljihun tebur. An gwada koya wa iyaye mata amfani da ita a gida, an ga sun iya, kuma suna kawo yara da wuri. Me ya hana kowace uwa ta tafi da tata?

Yanzu ga tarkon da ya fi kama sababbin ma'aikata. Yaro ya dawo, sikeli ya nuna ya ƙara rabin kilo, kowa na murna. Ku cire masa safa. Ku danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu, ku ƙirga daƙiƙa 3, ku ɗaga. In rami ya zauna a ƙafa biyun, abin da ya ƙaru ruwa ne, kuma yaron nan yana cikin tamowa mai tsanani ko me sikeli da igiya suka ce. Wannan shi ne ciwon da likita Cicely Williams ta bayyana a shekarun 1930 lokacin tana aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, ta kuma ɗauko masa suna, kwashiorkor, daga harshen mutanen Ga na ƙasar, sunan da ke nufin ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa, yaro ba ya wasa ba ya dariya, kuka kawai na ƙorafi. Danna ƙafa ba ya cin ko sisi, amma sai ka yini a ɗakin awo ba ka ga an danna ko ɗaya ba.

To, an ɗiga, layi ya kwanta. Sai me? A nan ne yawancinmu ke cewa "ki riƙa ba shi abinci mai gina jiki", a miƙa mata kati. Wannan magana ba ta taɓa ƙara wa yaro ko giram ɗaya ba. Uwar ta san ana son abinci mai kyau. Abin da ba mu sani ba shi ne me ke faruwa a gidanta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai an zauna an tambaya. Ni tambayar da ta fi yi mini aiki ita ce: "Jiya, daga tashinsa daga barci har ya kwanta, me da me ya shiga bakinsa?" Kada a ce "yana cin abinci sosai?", don amsar kullum e ce. A bi ta daki-daki. Sau nawa? Da wane kwano? Ya cinye ko ya rage? Wa ya ba shi? Nasa daban ne, ko tare da yayyensa suke ci, hannu mai sauri ya ƙoshi? In uwa ta fita aiki, wa ke riƙe da shi?

Daga amsoshin nan ake gano abubuwa. Mafi yawan abin da na tarar shi ne abinci ya yi ruwa da yawa. Cikin yaro ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa ba, wato ɗan kilo 8 kofi guda ya cika shi. In kofin nan rabinsa ruwa ne, yaro ya ƙoshi da ruwa. Nakan sa uwa ta ɗebo abin da ta zo da shi a cokali ta karkata. In ya zube shar, ya yi ruwa. Ana son ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa ɗan mai, a haɗa da ƙwai ko madara ko wake ko kifi ko nama, duk wanda hali ya bayar, da ganye da 'ya'yan itace. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaron da ke shan nono ita ce abinci sau 2 zuwa 3 a yini daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9 zuwa 23, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Amma kada a karanta wa uwa wannan kamar wa'azi. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ta iya canzawa a wannan makon da abin da ke hannunta, a sa ta maimaita da bakinta, a ba ta ranar dawowa kusa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, shi ne muka fi yi wa sakaci, don igiyar damtse da abincin leda na jinyar tamowa duk ba a kansa aka fara tsara su ba. Sabuwar ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ba shi babi nasa, kuma ta ce a duba shi tare da uwarsa a matsayin abu ɗaya. Jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi 10 cikin 100, amma ya kamata ya maido shi cikin kamar mako 2, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5. In bai yi ba, kafin kowa ya ambaci madarar gwangwani, a samu wuri mai sutura a kalli yadda yake kama nono. Na sha ganin jaririn da kan nonon kawai yake tsotsa, uwa na cije baki don zafi, shi kuma ya gaji ya yi barci da yunwa. Gyaran riƙo na minti goma, baki a buɗe sosai, haɓa na taɓa nono, leɓen ƙasa a waje, ya isa ya juya layin. In kuwa madarar gwangwani ake ba shi, a ce ta nuna yadda take haɗawa. Da yawa suna rage cokali su ƙara ruwa don gwangwanin ya kai ƙarshen wata, kuma ba za su faɗa ba sai an tambaya da taushin murya.

Taushin muryar nan ina so in tsaya a kansa. Na taɓa jin abokiyar aiki ta ɗaga yaro sama a gaban layi tana cewa "ku dubi yadda ta bar ɗa ya lalace". Uwar ta sunkuyar da kai, ta karɓi ɗanta, ba mu sake ganin ta ba. Ban san abin da ya faru da yaron ba har yau. Matar da ɗanta ya rame ta riga ta sha magana a gida da maƙwabta kafin ta iso gare mu. Wata ba ta da abin ba shi. Wata ita kanta ba ta da jini. Wata tun da ta haihu damuwa ta danne ta, ba ta barci, ba ta jin daɗin komai, ciwo ne da ke da magani kuma an san yana shafar girman jariri. Wata tana da sabon ciki ta yaye shi dare ɗaya. In ba a tambayi uwa "ke fa, yaya jikinki, kina samun ci, wa ke taimaka miki?" ba, rabin binciken aka yi.

Kuma ba kowace rama ce ta rashin abinci ba. Yaron da ake ba shi yana ci amma ba ya ƙaruwa, ko wanda aka yi wa duk abin da ya dace bai motsa ba, a nemi abin da ke ƙarƙashi. Gudawa mai yawan dawowa, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda da ta wuce ta bar shi a rame. Tarin fuka, musamman in akwai babba mai tari a gidan. Ƙanjamau, wanda ya kamata a yi gwajinsa ba tare da jin nauyi ba. Ciwon zuciya na haihuwa, wanda alamarsa jariri na gumi yana haki in yana shan nono. Tsagewar ganɗa, wadda wani lokaci ba a gani sai an leƙa bakin da fitila. Sikila. Ciwon mafitsara da ba ya nuna kansa. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, haɗiya na yi masa wuya, abinci na sarƙe shi. Ba aikin mai awo ba ne ta gano duk waɗannan, amma aikinta ne ta san lokacin da za ta tura gaba, ta rubuta dalili a takarda, ta kuma bincika ko an je.

A kan magani, alhamdu lillahi, zamani ya kawo sauƙi. A da duk mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi. A 1996 likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa abincin nan na leda, Plumpy'Nut, na gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai, leda ɗaya giram 92 mai ƙarfin kalori 500, ba ya buƙatar dahuwa ko ruwa. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a riƙa jinyar yawancin yaran a gida da shi. Sai dai sharaɗin shi ne a fara gwada cin yaro. A zaunar da uwa gefe inda ba hayaniya, a wanke hannu, ta ba shi a hankali da ruwan sha kusa, ko da zai ɗauki rabin sa'a. In ya ci, kuma babu wata alamar haɗari, a haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya tafi gida, ya riƙa dawowa awo. In ya ƙi ci, ko yana amai da komai, ko kumburi ya kai fuska, ko numfashi na sama-sama, ko jiki ya saki, wannan na gado ne yau ba gobe ba. A gaya wa uwa ledar magani ce ta wannan yaron, ba a dama ta da ruwa, kuma nono ake fara ba shi. Na san a gidan da yara biyar ke kallon leda ɗaya, faɗar haka ta fi aikatawa sauƙi. Shi ya sa in yaro bai ƙaru ba, tambayar "su wa ke ci tare da shi?" ta fi faɗa amfani, kuma a duba damtsen sauran yaran ma.

Ku na ɗakin kwanciya, ku yi mini haƙuri in tuna muku abin da kuka sani, don sabon ma'aikaci na dare bai sani ba. Jikin mai tamowa mai tsanani ya rage wutar komai, zuciya da hanta da ƙoda duk a hankali suke aiki. Abin da zai ceci wani yaro shi yana iya kashe shi. Ƙarin ruwa ta jijiya ba a yi masa sai in ya shiga halin suma na ƙarewar ruwa, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Kumburinsa ba a ba shi maganin sa fitsari. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai ya fara murmurewa. Madarar jinya ta musamman mai suna F-75 ake farawa da ita, kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a 2 zuwa 3, dare da rana, kafin a koma madarar F-100 mai ƙarin ƙarfi ko abincin leda. Yawancin waɗanda muka rasa a zamanina da asuba muka rasa su: an tsallake ciyarwar dare, sukarin jini ya faɗi, jiki ya yi sanyi, ba zazzaɓi ba kuka da zai ankarar da kowa. Bargo da hula da jikin uwa da mutum ɗaya mai farkawa ƙarfe uku na dare ya ba da madara, su ne suka fi ceton rai a ɗakin nan.

Sallama ma da ƙa'idarta. Ba a cire yaro daga shirin jinya don ya yi kyan gani. Sai damtse ya kai milimita 125, nauyinsa ya dawo daidai da tsawonsa, kuma kumburi ya ɓace, a awo aƙalla 2 a jere. Jinyar kan ɗauki mako 6 zuwa 8. Bayan nan ma yana iya komawa, tunda gidan da ya rame a ciki nan zai koma. A tabbatar ya samu riga-kafinsa, da bitamin A duk bayan wata 6, da maganin tsutsa in ya cika shekara, a kuma koya wa uwa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14 in gudawa ta zo, kuma kada ta daina ciyar da shi don yana zawo.

Yanzu gare ku, ranku ya daɗe, shugabanni. Ma'aikaci abin da ake tambayarsa a rahoto shi yake yi. Rahoton wata-wata da na cika shekara da shekaru yana tambayar yara nawa aka auna. Bai taɓa tambayata nawa ne layinsu ya kwanta ba, balle me aka yi musu, balle nawa suka daina zuwa kuma wa ya bi sawunsu. Ku ƙara waɗannan gurabe, za ku ga biro ya fara ɗiga. Ku ba ɗakin awo mutum na biyu ko da ranar awo kaɗai, don wadda ke da yara sittin a layi ba za ta zauna da uwa minti goma ba, komai kyan zuciyarta. Ku sa a riƙa gwada sikeli da wani abu da aka san nauyinsa. Ku ware lungu mai labule inda za a kalli shayarwa. Horon da kuke kira, ku rage zama a zaure ana nuna hotuna a bango, ku kai mutane gaban yaro na gaske su auna, wani ya sake aunawa a gwada lambobin. Batun yankewar abincin leda kuma, uwar da ta biya kuɗin mota ta zo sau biyu aka ce mata "babu, sai wani makon", karo na uku ba za ta zo ba, sannan mu rubuta a rajista cewa ita ce ta gudu. In kaya za su yanke, ku sanar da wuri, a san yadda za a yi da yaran da ke tsakiyar jinya.

Ba na neman ku yarda da ni a kan magana. A ranar awo mai zuwa, ɗayanku ya tsaya a bakin ƙofar fita, ya karɓi kati ashirin daga hannun iyayen da aka sallama, ya juya bayansu. Ya ƙirga nawa ne aka ɗiga, nawa aka rubuta tsawo, sannan ya tambayi kowace uwa ko an gaya mata layin ɗanta hawa yake yi ko ya kwanta. In ya tarar da kati irin na yarinyar nan tawa, don Allah ya mayar da uwar ciki kafin ta kai titi.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya a ɗakin awon yara